Madubin da Na Sayar a Kuɗin Dutsen Guga

Ni tela ce, shekara ashirin da biyu ina kan keken ɗinki, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na shiri da tarkace. Abin da ya yi wata shida bai yi mini aiki ba, to ya kama hanyar fita daga gidana. Sai Allah ya haɗa ni da mijin da ko kwalin ashana ba ya iya yarwa.

Malam ma'aikacin safiyo ne, aikinsa awon filaye. Da rana yana leƙen ƙasa ta cikin na'ura, da yamma ya dawo ya hau saman bene ya koma leƙen sama. Su wajen takwas ne masu wannan lalurar a unguwanninmu, akwai likitan haƙori, akwai mai gyaran rediyo, akwai malaman makaranta, suna da 'yar ƙungiyarsu ta masu kallon taurari. Ban taɓa hana shi ba. Namijin da kullum kika san inda yake, ko da a kan rufi ne, ai ba abin rainawa ba ne.

Rigimarmu a kan ɗakin tsakiya take. Shagona shi ne ɗakin da ke kallon titi, ɗakin tsakiya yana manne da shi, kuma tun bara nake son in sa teburin yanka a ciki, don bayana ya gaji da sunkuyo a ƙasa da almakashi. Amma Malam ya cika ɗakin taf: tsofaffin mujallu, taswirorin sama a nannaɗe, kwalaye babu komai a ciki, wayoyin da ba wanda ya san na mene ne, sai kuma madubai biyu na hangen taurari. Ɗaya babba ne baƙi, tsayinsa ya kusa kamo nawa, yana tsaye a kan ƙafafu uku ya tare rabin ɗakin. Ɗayan ɗan ƙarami ne fari, bai fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu ba, bakinsa kamar na kofin shayi, yana kwance cikin akwatinsa a kan kanta.

Ranar da ya kawo ƙaramin, shekara biyar ke nan, na tambaye shi nawa ya saya. Har yau ina ganin yadda ya kaɗa hannu.

"Wannan ɗan abin? Kuɗin dutsen guga ne, bai fi haka ba. Na riƙewa a hannu ne kawai in za a yi tafiya."

Na yarda. Me zai hana ni yarda? Ga babba ga ƙarami, kowa ya gani ya san wanda ya ci kuɗi.

To, ranar Litinin aka tura su awon wani fili mai nisa, aikin kwana huɗu. Na ritsa shi a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, motar ofis tana ta danna masa hon.

"Malam, ɗakin nan fa."

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Wata goma kana ji."

"To, ki rage abin da kika ga dama," ya ce yana saɓa jaka. "Ni dai kada ki taɓa mini abu mai tsada."

Da bakinsa ya faɗa, ina da shaida, direban ma ya ji. Kafin motar ta sha kwana na ɗaura ɗankwali na shiga ɗakin. Kwalaye suka fita, wayoyi suka fita, mujallu na ɗaure su da igiya na tura ƙarƙashin gado. Babban madubin na goge shi tas, na matsar da shi lungu, har na ɗinka masa riga da ragowar yadi don kada ƙura ta taɓa shi. Na ce ai wannan shi ne abu mai tsada, a girmama shi. Kantar nan kuwa ita nake so in jera yadudduka a kai, sai na sauke ɗan farin na rungumi akwatinsa na nufi wurin mai kayan gwanjo.

Shagonsa yana ƙarshen layinmu, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti, cike da tsofaffin fankoki da rediyoyi da agogon bango da suka daina tafiya. Ya buɗe akwatin, ya ɗaga madubin, ya juya shi, ya leƙa ta baki, ya leƙa ta gindi.

"Uwar ɗakina, wannan ai ba shi da ƙafa. Batir ma ba ya ci. Wa zai saya?"

"Ka ji nauyinsa dai. Ƙarfe ne ba roba ba."

"Nauyi ai dutse ma yana da shi."

Muka yi ta ja. Shi bai san da wa yake yi ba. Ni da nake ciniki da masu yadi tun yana tallan batir a faranti? Na rufe akwatin sau biyu na yi kamar zan tafi, sau biyu yana kirana. Ƙarshe dai na karɓi kuɗin sabon dutsen guga har da ɗan ƙari a kai. Na dawo gida ina jin kaina, na sa kuɗin a ambulan na ajiye wa Malam. Abu ya yi shekara biyar a hannu, a sayar da shi da riba, ai sai ni.

Ranar Laraba da hantsi ina cikin yanka a kan sabon teburina, sai ga Likita, abokin Malam na ƙungiya, wanda ke cire wa mutane haƙori a asibitin bayan gidan mai. Mutum ne mai fara'a, kullum da barkwanci a bakinsa, amma ranar ya shigo a sanyaye, fuskar nan a murtuke, ko farar rigar aiki bai cire ba. A hammatarsa kuma ga akwatin da na sayar shekaranjiya.

Ya zauna a benci ba tare da na ce ya zauna ba. Sannan ya ce a hankali, "Yaushe abin ya faru?"

"Wane abu?"

"Ba wanda ya gaya mana. Ina ta kiran wayarsa ba ta shiga. Rashin lafiya ya yi, ko hatsari?"

Almakashin ya kusa faɗo mini a ƙafa. "Likita, bakinka ya sari ɗanyen kashi! Wa ya ce maka wani abu ya samu Malam? Yana can daji yana awo, wurin ba sabis. Gobe zai dawo."

Ya ɗago. "Yana da rai?"

"Ƙalau yake, har ya fi ka."

"To ɓarayi ne suka shigo muku?"

"Wane irin ɓarayi kuma?"

Ya dafa akwatin. "To in bai mutu ba, ba a yi muku sata ba, yaya aka yi wannan ya je shagon gwanjo? Ina wucewa da safe na hango shi a kan tebur, tsakanin tsohuwar fanka da tukunyar gas. Sai da na taka birki har na baya ya kusa hawa kaina."

"Ni na sayar," na ce. "Har da riba ma."

"Nawa?"

Na gaya masa. Wallahi mutumin nan sai ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu biyu. Na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce ta ƙwace masa, irin wadda ba ta fita da sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

"Ka gama ka gaya mini abin dariyar," na ce, don raina ya fara ɓaci. "Kuɗin dutsen guga ya saya, shi ya faɗa mini."

"Dutsen guga," ya ce yana share hawaye. "Kai, Malam! Madam, kin san sabon babur? To wannan ya fi shi kuɗi. Ki sayi babur, ki cika masa tanki, ki sayi hular kwano, canji ya rage."

Na jawo kujera na zauna. Sai kuma na ce ƙarya ne. Abin da bai kai muciya ba? In wannan ya kai babur, to babban ai sai a ce mota.

Ya ce, "Babban? Kuɗin keken hawa ne, keken ma na hannu. Tashi mu hau sama in nuna miki, magana ba za ta yi ba."

Muka hau bene, shi da babban a kafaɗa yana nishi, ni da ƙaramin a rungume kamar jariri, don yanzu tsoronsa nake ji. Ya kafa ƙafafun nan uku, ya juya bakin madubin can nesa da rana, yana ja mini kunne kada in kuskura in taɓa duban rana da shi, ido zai tafi nan take. Ya saita shi a kan wata wayar lantarki can ƙarshen unguwa, inda wata kurciya ta sauka, bayanta farin gajimare mai haske.

"Leƙa. Ki murɗa wannan har ya fito sosai. Me kika gani?"

"Waya. Da kurciya."

"Dubi gefen wayar. Dubi gefen tsuntsuwar."

Na ƙura ido. Ai kuwa duk gefen wayar wani shuɗi-shuɗi ne ya bi shi, kurciyar ma kamar an zagaye ta da alli mai launi. Na ce masa, "Ya yi zuba."

"Ya yi me?"

"Zuba. Kamar yadi mai araha in an wanke shi, launin ya fita ya ɓata na kusa da shi."

Ya tafa hannu. "Shekara goma ina neman yadda zan bayyana wa mutane wannan, ashe wurin tela zan samu!"

Ya kwance babban ya ɗora ƙaramin a kan ƙafafun, ya sake saitawa. Na leƙa. Tabɗi! Wayar nan baƙa ƙirin, gefenta kamar an ja da reza, har ina ganin yadda aka murɗe silillanta. Kurciyar kuwa ina ƙirga gashin wuyanta, ina ganin jan idonta tana ƙiftawa. Babu shuɗi ko ɗigo.

Likita ya yi mini bayani, ni kuma na kama abin da zan iya kamawa. Wai hasken da muke gani fari launuka ne a haɗe, in ya ratsa gilashi sai kowane launi ya kama gabansa. Babban gilashi biyu ne a bakinsa, na gama-gari, ba sa iya tattaro launukan duka wuri ɗaya, shi ya sa yake zuba. Ƙaramin kuwa gilashi uku ne a jere, na tsakiyan wani iri ne mai wuyar yi da wuyar gogewa, shi ke tilasta wa launukan su haɗu a ɗigo guda. Su a ƙungiya "afo" suke ce wa irinsa. Ya ce kuɗin duk a wannan gilashin yake, da kuma hannun da ya daidaita su ukun.

"Amma fa in gaya miki gaskiya," ya ce, "babban ya fi shi tara haske, akwai abubuwa masu dishi-dishi da shi zai fi nunawa. Wasu ma cewa suke sayen ƙaramin ɓarnar kuɗi ce, a ƙungiya kullum sai an yi wannan musun. Sai dai duk mai faɗin haka, in aka kafa wannan, shi ne farko a layi."

Ba sai ya ƙara ba. Ni da kullum nake faɗa da mata a kan yadi, ina ce musu ba faɗi ake saya ba, su taɓa su ji. Ga shi na yi abin da nake yi wa mutane dariya a kai. Kunya ta kama ni, sai kuma haushi ya biyo baya ya kore kunyar. Shekara biyar! Mutumin da ko tsire ko biredi ya saya a hanya sai ya gaya mini, ashe ya ajiye mini babur a kan kanta yana ce mini dutsen guga.

"To, na gode, Likita," na ce. "Nawa ka ba mai gwanjon? In ba ka kuɗinka."

Sai na ga ya fara kwance madubin a hankali, yana mayar da shi akwati, ba ya kallona.

"Ai, Madam, nan ne maganar take da ɗan nauyi. Ni fa saye na yi, a kasuwa, da rana tsaka. Shekara biyar ina roƙon mijinki ya ara mini shi na kwana ɗaya, yana ce mini sai dai in zo in leƙa. Yanzu kuma Allah ya kawo mini shi har gida. Zan riƙa barinsa ya zo ya leƙa."

Ya rufe akwatin, ƙaras. Da wasa yake yi, amma na ga yadda ya riƙe hannun akwatin, wasan bai kai rabi ba. Gobe Malam zai dawo, ni na fitar masa da abu daga gida, ko ƙarya ya yi mini ko bai yi ba. Ba ni da kuɗin babur, kuma ba ni da hujjar ƙwacewa.

Sai wani tunani ya zo mini. Na gyara tsayuwa.

"Likita, kai ma ai kana da madubi a gida, ko? Wani ja mai ƙiba, na taɓa ganinsa a bayan motarka."

"Ina da shi."

"Nawa ka ce wa matarka ka saya?"

Ya hau gyara tabarau.

"Don ranar Asabar za ta zo gwajin riga. Mukan daɗe muna hira, ka san mu da surutu. Sai in ce mata, 'yar'uwa, kin san kuwa yadda ake gane kuɗin madubi?"

"Haba, Madam."

"Da matar mai rediyo, ita ma ni ke mata ɗinki. Da matar shugaban makaranta."

"Haba, Madam! Ƙungiyar gaba ɗaya za ki rusa?"

"Duk haka kuke yi ke nan?"

Ya sauke akwatin a gabana kamar yana ƙona masa hannu. "Ba doka ba ce a rubuce," ya ce a ƙasa-ƙasa. "Kawai dai in mutum ya sayi sabon kaya, mukan taya shi neman abin gida da zai kwatanta da shi. Na Malam, ni na ba da shawarar dutsen guga. Nawa tukunyar shinkafa ce mai lantarki."

Mai gwanjo ya ninka masa abin da ya ba ni sau uku. Na buɗe gwangwanin da nake tara kuɗin injin surfani na biya shi cif, ina ji kamar ana cire mini haƙori ba allura. Na ce masa sharaɗi ɗaya: in Malam ya kira shi, bai ga komai ba, bai san komai ba. Ya rantse, ya sauka benen da sauri. Ni kuma na mayar da babban lungunsa, na kai akwatin shago na tura shi ƙarƙashin keken ɗinki, na rufa masa yadi.

Ba don mugunta na ɓoye ba. To, da ɗan mugunta kaɗan. Amma abin da nake so ɗaya ne: in ji gaskiyar daga bakinsa, ba daga bakin abokinsa ba. In ya iya haɗiye babur sukutum don kada ya ce mini ya yi ƙarya, to lallai akwai gyara a zamanmu, kuma ba ƙarami ba.

Alhamis bayan la'asar sai ga Malam, ya yi baƙi, takalmi duk taɓo. Na karɓi jakarsa, na ba shi ruwa, na ja shi ɗakin tsakiya.

"Ka gani? Ga teburina. Ga babban madubinka, ban bari ko ƙuda ya sauka a kai ba, har riga na yi masa."

"Kai, ya yi kyau," ya ce. Idonsa ya wuce babban ya tafi kan kanta. Yadudduka ne a jere, ja da kore da ruwan ƙasa. Ya duba ƙasan kantar. Ya duba bayan ƙofa.

"Ɗan ƙaramin fa?" ya ce, muryar kamar ba tasa ba.

"Au, na tafiyar nan? Na sayar wa mai gwanjo." Na miƙa masa ambulan. "Ƙirga ka gani. Kuɗin dutsen guga har da riba. Ka ce ban iya ciniki ba."

Na sha ganin mutum ya ji mummunan labari, amma ban taɓa ganin wanda ya ji shi yana ƙoƙarin yin murmushi ba. Leɓen ya ɗaga ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ƙi. Ya riƙe ambulan ɗin da yatsa biyu.

"Kin kyauta," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Na kawo abinci, ya yi loma biyu ya ce zafin hanya ya hana shi ci. Can ya miƙe wai zai ɗan taka ya sha iska. Mutumin da ya kwana huɗu yana taka daji! Ta tagar shago na hango shi, yana fita ƙofa ya fara sassarfa, kafin ya kai wurin mai faci ya koma gudu sosai, rigar tana tashi a bayansa. Na yi dariya har na soke yatsa da allura, sai kuma tausayinsa ya kama ni.

Bai fi rabin awa ba ya dawo, yana jan ƙafa. Ya shigo shago ya zauna a bencin masu jiran ɗinki. Ni dai ina ta taka keke, ƙafata tana gogar akwatin. Ya ce mai gwanjo ya gaishe ni. Na ce ina amsawa. Ya ce ashe har an saya. Na ce kaya mai araha ai ba ya kwana. Na gama hannun riga ɗaya na kama na biyu, ina cewa a raina, yi magana mana, bawan Allah, yi magana.

"Tsayar da keken nan," ya ce.

Na tsayar.

"Madubin nan ba kuɗin dutsen guga ba ne. Ƙarya na yi miki." Ya faɗi kuɗin, na gaskiya, bai rage ko kaɗan ba, yana kallon ƙasa. "Ba laifinki ba ne. Abin da na gaya miki kika yi aiki da shi. Ni na jawo wa kaina."

"Ina ka samu kuɗin?"

"Kuɗin tafiya. In an tura mu aiki ana ba mu na masauki da na abinci. Shekara uku a motar ofis nake kwana, shayi da biredi nake ci. Ban taɓa kuɗin gida ba, ko sau ɗaya."

Sai na tuna shekarun nan da yake dawowa daga tafiya a rame, ina ta zagin ofishinsu ina cewa za su kashe mini miji.

"To me ya hana ka gaya mini? Dukanka zan yi?"

"Tsoro na ji ki ce ba ni da hankali. Kuma da kin faɗa, da ban san amsar da zan ba ki ba." Ya murza hannuwansa. "Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Tun da na kawo shi nake son ki leƙa. Sau nawa ina kafa shi, in ga abu mai kyau, in zo har bakin matakala zan kira ki, sai in tuna. Ke da idonki na tela, leƙa ɗaya za ki yi ki gane ba abin araha ba ne. Sai in koma in zauna ni kaɗai."

Ni kuwa duk shekarun nan ina ɗauka ba ya son in hau ne. Sau ɗaya ya taɓa kirana, tun zamanin babban, na ga wata da shuɗi a gefe na ce masa shi ke nan abin? Daga ranar bai sake ba, ni ma ban sake tambaya ba. In na ji motsinsa a sama sai in ƙara ƙarar rediyo, in ce wa kaina can shi da taurarinsa. Ashe yana bakin matakala. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kuɗin ba, don shekara biyar ɗin da muka yi asara a kan shirme.

Na sunkuya na janye yadin, na turo akwatin da ƙafa har gabansa.

Ya kalle shi. Ya kalle ni. Ya durƙusa ya buɗe, ya cire murfin ya duba gilashin ta hasken taga, ya hura masa iska a hankali. Sai ga hawaye, namiji da furfurarsa.

"Yaya aka yi..."

"Abokinka Likita ya zo yi mini ta'aziyyarka. Labarin da tsawo. Kafin ka rungume shi, tsaya ka ji. Ka karɓi kuɗinka a ambulan, ko ba ka karɓa ba?"

"Na karɓa."

"Ka sa albarka?"

"Na sa."

"To ciniki ya faɗa. Ni kuma na saye shi daga hannun Likita da kuɗin injina. Madubin nan yanzu mallakina ne. In kana so ka leƙa, sai ka nemi izini."

Ya yi dariya da hawayen a fuska. "Ranki ya daɗe, a taimaka a ara mini."

"Sai na ga hali. Ɗauko ƙafafun mu hau."

Rana ta faɗi ke nan, sama ba ta gama duhu ba, yara suna ta ƙwallo a layi. Wata rabi ne, yana tsaye sama da tankin ruwan maƙwabta. Malam ya kafa madubin, ya saita, ya ja da baya ya ba ni wuri ba tare da shi ya fara leƙawa ba.

Na sa ido na murɗa a hankali. Sai ga shi ya fito, fari tas, gefensa a yanke kamar da sabon almakashi. Ramuka ne birjik, manya da ƙanana, wani a cikin wani, kowanne da inuwarsa. A daidai inda haske ya ƙare duhu ya fara, akwai wani tsauni da rana ta taɓa kansa kawai, yana ƙyalli shi kaɗai a cikin baƙi. Na manta da ina tsaye a kan bene. Na ji bakina yana cewa, "Ikon Allah. Malam, duwatsu ne fa. Har da inuwa."

"Kin ga wani babban rami wajen ƙasa, mai ɗan tudu a tsakiya?"

"Na gan shi."

"To in kika bi ta hagunsa... bari in nuna miki, ɗan matsa kaɗan."

Na ji hannunsa a kafaɗata. Ban ɗago ba.

"Jawo kujera ka zauna," na ce. "Shekara biyar kana kallo. Ni yanzu na fara."